Ta wace ƙofa kuka shiga jami'a, kuma wane tallafi kuka tarar a ciki?

Kawun wata ɗaliba, daga Gaya:
Assalamu alaikum. 'Yar ƙanwata da nake riƙo tun bayan rasuwar mahaifinta ta gama sakandare da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ta kuma rubuta jarrabawar JAMB tana neman Jami'ar Bayero ta Kano, amma makinta bai kai abin da ake bukata a fannin da ta zaɓa ba. Masu ba ni shawara sun rabu gida uku: wasu sun ce IJMB (karatun share fagen shiga jami'a), wasu sun ce NCE (takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi), wasu kuma sun ce karatun ƙarshen mako. Ina roƙon waɗanda suka bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ƙafarsu su gaya mana abin da suka gani, da irin taimakon da ɗalibi ke samu bayan ya shiga, domin ƙarfina ba mai yawa ba ne.

Malamar firamare, daga Dawakin Tofa:
Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya saka da alherin riƙon marainiya. Ni ta hanyar NCE na bi, na yi shekara uku a kwalejin ilimi, sannan na cike fom ɗin DE, wato na shiga jami'a da wata takardar gaba da sakandare, aka ɗauke ni aji biyu kai tsaye. Hanyar tana da tsawo, ba zan ɓoye maka ba, sai dai tana da wani amfani da ba a cika ambata ba, wato tun kafin in shiga jami'a ina riƙe da takardar da nake koyarwa da ita, kuma da albashin nan na riƙa biyan kuɗin rajista.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne zangon farko, domin 'yan DE kan tarar abokan karatunsu sun shekara tare sun san kan makaranta, ga kuma wasu kwasa-kwasan gama-gari na aji ɗaya da aka ɗora mana a kan namu. Wanda ya fitar da ni shi ne kodinetan ajinmu, malamin da ke sa hannu a kan fom ɗin kwasa-kwasai, wanda ya zaunar da ni ya tsara mini abin da zan ɗauka da abin da zan jinkirta. Ɗalibai da yawa ba sa zuwa wurinsa sai ranar sa hannu, alhali aikinsa ya wuce haka nesa.

Wanda ya bi ta IJMB, daga Zariya:
Alhaji, kafin a yi nisa, a fara duba hanya mafi sauƙi: JAMB tana ba da damar canza fanni ko makaranta, kuma makin da bai isa wani fanni ba yakan isa wani. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote nan a Wudil kusa da ku, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011.

Idan kuwa fannin nan kaɗai take so, IJMB hanya ce mai kyau ga mai himma. Jami'ar Ahmadu Bello ce ke kula da jarrabawar, darussa uku ake ɗauka, ana yin kimanin shekara guda, kuma wanda ya ci da kyau yana neman aji biyu ta DE. Ni na haɗa da sake rubuta JAMB a shekarar, don kada in rataya komai a ƙusa ɗaya. Hatsarin yana wajen zaɓen cibiya, domin na san waɗanda suka biya kuɗi a wani gida mai allon suna babba, daga baya ta bayyana cewa babu wanda ya san da zamansa. Sannan ko ta wace ƙofa aka shiga, a tabbatar sunanta ya fito a manhajar CAPS ta tabbatar da guraben karatu, wadda JAMB ta fara amfani da ita a 2017, yarinyar da kanta ta latsa amincewa. Gurbin da bai bi ta nan ba, ranar tafiya bautar ƙasa ake gane illarsa.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma, daga Bichi:
Ni karatun wucin gadi na yi a wata jami'a, ina zuwa aji a ƙarshen mako ina kuma riƙe da aikina, kuma ban yi nadama ba, domin digirin ya ɗaga mini matakin albashi. Amma ba zan ba yarinya mai shekara goma sha takwas wannan shawara ba. Mu ba a tura mu bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba mu a madadinta, ba mu da rabo a ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma kuɗin makarantarmu ya fi na 'yan cikakken lokaci. Tsari ne da aka yi wa masu aiki da magidanta.

Ɗalibar aji uku:
Baba, game da kuɗi, ina cikin masu karɓar lamunin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayu na 2024. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, kuɗin kashewa kuma, naira dubu 20 a wata, yana shiga asusuna. Na cike da lambar JAMB, da NIN, da BVN, da lambar rajistar makaranta, kuma wajibi ne sunan da ke kan waɗannan takardu ya zo ɗaya, har da jerin sunayen da yadda aka rubuta su, domin na ga ƙawata ta sha jira saboda an rubuta mata Aisha a wuri ɗaya, Aishatu a wani. Mahaifina ya ƙi yarda da farko don tsoron riba, sai da ya tabbatar babu kuɗin ruwa a ciki, kuma biya ba ya farawa sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Kuɗin watan yakan yi jinkiri wani lokaci, saboda haka kada a ɗora abincin yarinya kacokan a kansa.

Mahaifin ɗalibai biyu, daga Kano:
'Yata, kin yi bayani mai kyau, amma bashi bashi ne ko babu ruwa, kuma marainiya ta fi cancantar a fara nema mata kyauta. A 2023, da kuɗin rajista ya tashi, gwamnatin Kano ta biya wa ɗalibai 'yan jihar kimanin 7,000 da ke Jami'ar Bayero. Irin wannan ba ya zuwa kullum, kuma idan ya zo wanda takardunsa ke hannu ne ke samu. Alhaji, ka karɓo mata takardar shaidar ƙaramar hukuma tun yanzu, ka riƙa leƙa hukumar bayar da tallafin karatu ta jiha.

Tsohuwar ma'aikaciyar sashen harkokin ɗalibai:
Na yi ritaya daga wannan aiki a wata jami'ar gwamnati, kuma abin da ya fi damuna a shekarun nan shi ne yaran da ke zuwa ofishinmu bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A cikin kuɗin rajista akwai na inshorar lafiya, amma sai ka tarar da ɗalibin aji huɗu bai taɓa buɗe fayil a asibitin makaranta ba, ya kwanta ciwo a gida lokacin jarrabawa, ya dawo da takardar wani kyamis wadda hukumar makaranta ba za ta karɓa ba. Haka wanda kuɗi ko aure ko haihuwa suka tsayar, yana da damar rubuta takardar neman jinkirta zango ta hannun shugaban sashensa, maimakon ya ɓace a lissafa masa faɗuwa.

Batun ɗaki kuwa, gadaje ba sa isar ɗalibai a kusan kowace jami'ar gwamnati, don haka ranar da aka biya kuɗin rajista ranar ake neman gado. Idan Bayero ta samu, a fara sanin ko sashenta yana tsohuwar makaranta ne ko sabuwa da ke kan titin Gwarzo, kafin a kama mata haya a Janbulo ko Danbare, saboda kuɗin mota tsakanin wuraren biyu a kullum yana iya cinye abin da aka rage a haya.