Fumfuna ta cinye mun irin bedi da zogale, man kanumfari zai yi magani?

Ɗan Sandamu:
Salam jama'a. Ina da ɗan wurin renon dashe bayan gida nan Daura. Bana na tara irin bedi kusan kwano biyu da na zogale, na ƙulle a leda na aje ɗaki, bayan sati biyu na buɗe wallahi duk ya yi fumfuna, wani kore wani baƙi ƙirin kamar an barbaɗa gawayi, ga wari. Wanda na shuka rabi bai fito ba, wanda ya fito kuma sai ya ruɓe daga gindi ya kwanta. Wani ya ce in gwada man kanumfari maimakon Apron Star, hodar maganin da ake cuɗa iri da ita kafin shuka, ni ma ba na son hodar nan don yara na wasa wurin. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Mai Lambu:
Wa'alaikassalam. Yana aiki, akwai wani sinadari cikin kanumfari ana ce mashi yujinol, shi ke hana fumfuna yaɗuwa. Amma fa a yi hankali, yana da zafi sosai, ni farkon gwadawata na zuba da yawa na ƙone irin zogalena ko ɗaya bai tsiro ba, abin ya yi mun ciwo. Yanzu ɗigo kaɗan nake sawa a ruwa da ɗan sabulu tunda mai ba ya haɗuwa da ruwa, in jiƙa na ɗan lokaci in shanya a inuwa. Ka fara da ƙwaya 20, wasu 20 ka bar su haka nan, ka ga wanne zai fi fitowa.

Baba na Zango:
Yaro ledar nan ita ta kashe ka. Bedi sai ka wanke naman jikin ƙwallon tas ya sha iska a inuwa, kuma ba ya ajiyuwa, 'yan makonni ya fara mutuwa, ba kamar kuka ko ɗorawa ba masu taurin ɓawo. Mu da toka muke cuɗa iri mu zuba a ƙwarya.

Ɗan Sandamu:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To man bedi na kasuwa fa, ba ɗaya ba ne?

Mai Lambu:
A'a daban ne, shi matse shi ake, na kanumfari da tururi ake fiddo shi. Man bedi ya fi ƙarfi wajen ƙwari. Ruɓewar gindin nan kuma duba ban ruwanka, in ƙasar cikin leda ba ta tsanewa haka za su ta kwanciya, ka ƙara huda ledojin ka gauraya yashi.