An fizgi hijabin 'yata a bas, ɗana kuma ya tura zagin Yahudawa: ina zan fara?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ingila. Abu biyu ne suka haɗe min. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke unguwarmu ba ta koma daidai ba. Shekaranjiya wani mutum ya kira 'yata mai shekara 17 'yar ta'adda a cikin bas, har ya kai hannu ya fizgi hijabinta. Ta ce kada in kai ƙara, wai ba abin da za a yi. Shi kuma ƙaninta mai shekara 14 ya tura hoton da ke zagin Yahudawa baki ɗaya a rukunin WhatsApp na 'yan ajinsu. Akwai yaro Bayahude a ajin, kuma layinmu ɗaya da iyayensa. Makaranta ta kira mu. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsa daga wata lauya:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya tsare gaba. Fara da maganar yarinya, domin ita ce lokaci ke ci. Kyamarar bas ba ta ajiye hoto da daɗewa, wasu kamfanonin cikin 'yan kwanaki sabon hoto ke hawa kan tsoho. Yau ɗin nan ku zauna ta rubuta lambar bas, tashar da ta hau, inda ta sauka, ƙarfe nawa, sama ta zauna ko ƙasa, kamannin mutumin, da kalmomin da ya furta yadda ya faɗe su, kome muninsu. Idan da kati ta biya, bayanan katin za su nuna lokacin da ta hau.

Sai ku kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, ko ku cike fom a True Vision, shafin 'yan sanda na kai rahoton laifukan ƙiyayya. Lambar 999 ta lokacin da abu ke faruwa ce. Saƙon 61016 da mutane ke yawan ambata na 'yan sandan jirgin ƙasa ne, bas na hannun 'yan sandan yankinku. Ki faɗa musu a fili cewa saboda addininta aka yi mata haka. Ƙa'idarsu ita ce, idan wanda abin ya shafa ko wani shaida ya ɗauki laifin a matsayin na ƙiyayya, haka za a rubuta shi. Inda ake yawan yin asara shi ne a ce kawai "an zage ta". Fizgar hijabi cin zarafi ne na jiki, kuma dokar 1998 ta ɗaga mafi girman hukuncinsa daga wata 6 zuwa shekara 2 idan ƙiyayyar addini ce ta jawo shi. Kada ki ajiye waya sai an ba ki lambar ƙara, sannan ki rubuta wa kamfanin bas da wannan lambar, ki roƙi a adana hoton.

Kada ki tilasta mata. Ki nuna mata cewa ko ba a kama shi ba, rahoton ne ke nuna wa hukuma layin da ke bukatar sintiri. Ƙungiyar Tell MAMA, mai tattara rahoton cin zarafin Musulmi a Birtaniya, ta karɓi rahoton ƙyamar Musulmi fiye da 6,000 a 2024, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake matsa wa gwamnati.

Amsa daga wata malamar sakandare:
Yaya, maganar yaron kada ki ɗauke ta wasan yara. A Ingila daga shekara 10 doka na kama mutum da laifinsa, kuma "ai tura min aka yi na tura" ba ya wanke kowa. Doka ta ɗauki Yahudawa a matsayin ƙabila, don haka rura ƙiyayya a kansu laifi ne ƙarƙashin dokar 1986.

Kafin ku je, ki ga saƙon da idonki, ki san daga ina ya samo shi. Kada ku goge don ɓoyewa, tuni wani ya ɗauki hotonsa. Ki nemi makaranta ta ba ki takardar ƙa'idojin ladabtarwa, ki tambaya a rubuce me za a sa a fayil ɗinsa. Tun 2015 makarantu ke da wajibcin shirin Prevent, shirin gwamnati na hana mutane faɗawa cikin tsattsauran ra'ayi da ta'addanci, saboda haka ki tambaya kai tsaye ko sun miƙa sunansa. Miƙa suna ba tuhuma ba ce a kotu, amma gara ki sani. Abin da ke ɓata zama irin wannan shi ne uwa ta buɗe baki da "to ai su ma suna kashe yara a Gaza". Daga nan malamai sun daina jin ki. Yaro ya amsa laifinsa, ya rubuta wasiƙar ban haƙuri da hannunsa ba tare da "amma" ba. Bayan an rufe wannan babin, ki sanar da su abin da ya sami yayarsa.

Amsa daga wani ɗan'uwa:
Na yarda da Malama, sai dai kada a toshe bakin yaron gaba ɗaya. Zafin da yake ji na gaske ne, idan gida ya hana shi magana intanet za ta ba shi wuri. A koya masa iyaka. Sukar gwamnatin Isra'ila, ɗaga tutar Falasɗinu, shiga zanga-zangar lumana, ba da gudunmawa ga ƙungiyar agaji mai rajista, duk doka ta yarda. Ɗora wa ɗan ajinsa laifin sojojin wata ƙasa shi ne ƙin jinin Yahudawa, kuma shi ne ainihin abin da mutumin bas ya yi wa yayarsa. Ya kuma sani Birtaniya ta haramta Hamas ɗungurungum tun Nuwamban 2021, nuna goyon baya gare ta na iya kai wa ɗaurin shekara 14. A karanta masa aya ta 8 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana ƙin wasu mutane ya sa a bar adalci.

Amsa daga wani ɗan kwamitin masallaci:
Hajiya, saura maƙwabta, kuma a ganina nan ne aikin da ya fi nauyi. Ki san halin da suke ciki kafin ki ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙungiyarsu ta tsaro, CST, ta rubuta hare-hare da cin mutunci fiye da 4,000 a 2023, mafi yawa bayan harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoba. Ranar 2 ga Oktoban 2025, ranar azuminsu mafi girma, aka kai hari wurin ibadarsu na Heaton Park a Manchester, mutum biyu suka mutu. Kwana biyu bayan haka aka cinna wa masallacin Peacehaven wuta. Tsoron da kike ji idan 'yarki ta makara, shi suke ji.

Kada ki faɗa musu gida ba sanarwa. Ki bi ta makaranta, ko ki jefa gajeriyar takarda ta ƙofa da lambar wayarki, ki bar musu zaɓin lokaci. Daga faɗuwar rana Juma'a zuwa Asabar da dare ranar hutunsu ce, masu riƙo da addini ba sa ɗaga waya, kada ki ɗauka share ki aka yi. Kada ki kai dafaffen abinci, suna da ƙa'idojin ci masu tsauri. 'Ya'yan itace sun wadatar. Minti goma ya isa. Ba a je muhawarar Gabas ta Tsakiya ba, an je ne kan abin da ɗanki ya yi wa ɗansu. Idan sun ce ba yanzu ba, ki ci gaba da gaisuwa a hanya.

Ki kuma duba rukunonin da yaron ke ciki. Jita-jitar ƙarya a intanet ce ta kai ɓata-gari masallacin Southport a Yulin 2024. Ki sanar da limaminku abin da ya sami yarinyar domin a ja hankalin sauran mata masu bin wannan layin bas, kuma a 'yan makonnin nan ta riƙa zama a ƙasa kusa da direba.