Yaya malamin makarantar Lahadi zai jure idan ƙarfinsa ya fara ƙarewa?

Malamar Yara: Salama gare ku, 'yan'uwa. Na daɗe ina koyar da yara a makarantar Lahadi, amma kwanan nan zuciyata ta yi sanyi, domin ayar haddar da muka sha wahala a kanta makon jiya, yau babu wanda ya tuna da ita. Me ke ƙarfafa ku?

Dattijon Ikkilisiya: 'Yata, ki duba 1 Korantiyawa 3:6, inda Manzo Bulus ya nuna cewa shi ya shuka, abokin aikinsa Afolos ya yi banruwa, amma Allah ne ya sa shukar ta girma. A ganina, kina auna aikinki da ma'aunin mako guda, alhali Timoti, almajirin Bulus, tun yana ƙarami ya san Nassi, bangaskiyarsa kuwa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki.

Uwar Zumunta: Gaskiyar Baba ce. Ki gajarta ayar, ki sa mata waƙa, sannan ki roƙi iyayen su riƙa maimaita ta a addu'ar safe. Ki kuma nemi mataimakiya, ki huta Lahadi ɗaya a wata.