Me za mu kira "marée rouge" da Hausa?

Mai fassarar labarai, Yamai: Salamu alaikum jama'a. Ina da labarin da zan karanta a rediyo kan abin da Faransawa ke kira marée rouge: wasu ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, su hayayyafa a bakin teku har su sa wa kifi da ƙaguwa guba. A 2015 da ruwan tekun Pasifik ya yi ɗumi fiye da kima, sun mamaye gaɓar yammacin Amurka, har aka jinkirta kamun ƙaguwa a Kalifoniya. In ce "jan ruwa"?

Malamin makaranta, Tawa: A'a ƙanena. Mutumin Adar in ya ji jan ruwa, guga da igiya zai tuna. Ku ma a Yamai kuna da jan ruwan kogin Isa na watan Agusta, kuma wannan laka ce kawai. Ga shi ba kullum tekun ke yin ja ba. Wani lokaci gubar na nan, ruwa kuwa garau.

Malamar kimiyya, Yamai: Gaskiyarka Malam. "Furen gansakuka" ma da na taɓa ji bai yi mini ba, gansakuka ba ta fure. Amma ita gansakukar mu riƙe ta, duk wanda ya san tabki ya san ta. Ni dai "ɓarkewa" nake so, yadda muke cewa ɓarkewar fari ko ta kwalara: abin yana nan kwance, sai yanayi ya ba shi hali. Haka yake a teku. In El Niño ya zo, wato ɗumin da ruwan tsakiya da gabashin Pasifik kan yi duk bayan 'yan shekaru, ko Pasifik ya shiga shekarunsa na ɗumi, zafin ruwa da tafiyar igiyarsa sukan sake, masu gubar su samu sarari. A 2016, ana cikin El Niño, irin wannan ɓarkewa ta kashe miliyoyin kifin kiwo a kudancin ƙasar Cile. Mai saurare ya kamata ya ji wannan dalili a cikin kalmar.

Mai fassara: Na gode Hajiya. To mai dafi ko mai guba?

Malamin makaranta: Guba. Dafi na maciji ne da kunama da kibiya, ita kuwa wannan ta baki take shiga. A 1987 a Kanada mutum fiye da 100 suka kwanta, 3 suka rasu, bayan cin naman ƙumban teku mai ɗauke da gubar. Dafuwa ma ba ta kashe ta.

Mai fassara: Shi ke nan, "ɓarkewar gansakuka mai guba". In na sake ambata a cikin labarin sai in ce ɓarkewar gansakuka kawai.