Haɗa karatun aji da na na'ura a makarantun karkarar Jigawa

Da malamai da iyayen yara suka zauna kan wannan batu, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce kada ƙaramar hukuma ta fara da sayen kwamfuta. A fara da tambaya: me ake so ɗan aji uku ya iya kafin ƙarshen shekara? Idan amsar ita ce karatu da Hausa da lissafi, sai a nemi abin da zai kai shi can.

An daɗe kan maganar wuta da sabis, kuma da gaskiyarsu. Ƙauyen da ba lantarki sai sola, don haka darasin da ake saukewa a waya a kalla ba intanet shi ne mai amfani. An ambaci manhajar Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, aka kuma tuna darussan rediyo na lokacin korona a 2020. Ni ma ina ganin rediyo bai tsufa ba, domin akwai gidajen da ba waya amma suna da shi.

Damina kuwa yara na gona, ranar kasuwa aji ya ragu. A nan ne darasin gida zai cike giɓi, musamman ga 'yan mata.

Wasu sun nace a horar da malami tukuna, a sa kwamitin makaranta da mai unguwa cikin shirin, sannan a gwada a makarantu kaɗan kafin a kai wa SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.