Muna neman shawara: yadda za mu kafa motar haya ta unguwa daga Rijiyar Lemo zuwa Kantin Kwari

Ɗan Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni sakatare ne a ƙungiyar ci gaban unguwarmu da ke kan titin Katsina a Kano. Tun da aka hana acaɓa a watan Janairun 2013 sufurinmu ya koma hannun masu A Daidaita Sahu, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin hawa ya fi ƙarfin mutane da yawa. Kullum da safe ina ganin yara 'yan makaranta suna takawa a ƙafa daga Kurna har Ƙofar Ruwa, ga kuma mata masu zuwa awo Asibitin Murtala suna tsaye a bakin titi suna ciniki da direba a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Mun yanke shawarar sayen bas biyu masu kujeru 18 da za su riƙa zirga-zirga a kan lokaci tsayayye daga Rijiyar Lemo zuwa Fagge da Kantin Kwari. Wani attajirin unguwa ya yi alkawarin mota ɗaya. Ta yaya za mu haɗa kuɗin ta biyu, kuma wane tsari ne zai sa abin ya ɗore?

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Na yi shekaru ina jan bas a wannan titin, saboda haka ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: sayen mota shi ne mafi sauƙi a cikin wannan aiki. Abin da ke kashe irin wannan shiri shi ne ranar da giya ta lalace ko inji ya buga, aka duba asusu aka tarar babu komai, domin an sa kuɗin hawa ƙasa da abin da motar ke ci. Na taɓa jan motar wata ƙungiya da ta kwana wata huɗu a garejin bakanike saboda tayoyi da birki kawai, har ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, daga ƙarshe aka sayar da ita a wulaƙance.

Kafin ku karɓi sisin kowa, ku zauna ku rubuta abin da mota ɗaya za ta ci a rana: mai, albashin direba da kwandasta, kuɗin tasha, da wani kaso da za a riƙa warewa kullum domin juyen baƙin mai, taya, inshora da sabunta takardu. Ku raba jimlar da yawan fasinjan da za ku ɗauka, ku tuna cewa da safe mota tana shiga gari a cike ta dawo kusan wayam, da yamma kuma akasin haka. Sannan kada ku ba direba mota a kan balas, wato ya riƙa kawo muku wani kuɗi da aka ƙayyade kullum, sauran nasa, domin wanda zai kawo balas ba zai bar tasha ba sai mota ta cika, ku kuwa abin da kuke sayarwa shi ne lokaci. Ku biya shi albashi, ku yanka tikiti.

Hajiya Mai Adashi ta amsa:

Ɗana, maganar direba gaskiya ce. Abin da zan ƙara shi ne ku yi rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, ku sayar da hannun jari ƙanana yadda mai ƙosai ma za ta iya saya. Motar attajirin nan kuwa a rubuta ta a matsayin waƙafi a gaban shaidu, domin kada magada su zo su ɗauke ta wata rana. Idan mutanenku suna gudun bashi mai ruwa, akwai bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna saya wa mutum kaya ya riƙa biya a hankali. Amma ni da za ku ji tawa, ku fara da mota ɗaya tukuna.

Injiniya ya amsa:

Abu biyu ba a ambata ba. Na farko, ku je KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW tun kafin mota ta hau titi, a nuna muku inda za ku yi lodi, in ba haka ba rigima da masu tasha za ta cinye makonku na farko. Na biyu, mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG yana rage kuɗin mai, sai dai ku fara tabbatar da cewa gidan da za ku sha gas ɗin yana kusa da hanyarku kuma ba ya yankewa.

Ɗan Kurna ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa kwamiti shawarar farawa da mota ɗaya ranar Asabar, kuma mun sa matasa huɗu su ƙirga masu jiran abin hawa a Kurna daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe har tsawon mako guda. Baba Direba, ko za ka yarda ka zo ka duba mana motar kafin mu karɓe ta?