Wandon kaki na bosho: na wanda ya saya ne, ko na gwamnati?

Mai Bosho: Assalamu alaikum 'yan fada. Yau da ƙorafi na zo. Jiya ƙanena ya taso daga Konni sanye da wandon nan mai zanen kaki da muke saidawa jaka biyu da rabi a kasuwar Tahoua. A wani shinge kafin Badagishiri aka sauke shi daga mota aka ce ya tuɓe. Da gajeren wando ya iso gida, fasinja na ta ƙyalƙyala masa dariya. Wandon nan cikin dila ya fito, dilar kuma an biya mata duwan. Abin da hukuma ta amshi kuɗin shigowarsa, ta yaya zai zama haramun a jikin wanda ya saya? Ni na tsaya a kan cewa abin da ka saya da guminka kana da ikon sa shi. Har wani a tasha yake ce mini ko tsohon soja ba ya da ikon sa kakinsa. Wannan kam ban yarda ba. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bariki, a ce rigar ma ba tasa ba ce?

Direban Abalak: Wa alaikumus salam. Ka gode wa Allah wando kaɗai aka amsa.

Mai Bosho: Kai kullum bayan masu kaki kake.

Direban Abalak: Ba bayansu nake ba, hanya nake bi. Kai kana zaune cikin rumfa.

Tela: Ku dakata, ni maganar ta fi shafa. Kowace salla iyaye na kawo mini yadin kaki in ɗinka wa yara. Bara na yi wajen goma sha biyar, har da 'yar hula. Wata uwa ma cewa ta yi in ɗora wa ɗanta taurari biyu a kafaɗa, wai janar ne. Tun bayan 26 ga Yuli 2023 abin ya ƙaru, kowa na son ɗansa ya fito kamar soja. To ni ma mai laifi ne ke nan?

Ɗalibar Shari'a: Ina wuni iyayena da yayyena. Bari in sa baki kaɗan. Yaya Mai Bosho, ka haɗa abu biyu wuri ɗaya: mallaka da sawa. Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda aka kafa da dokar 15 ga Yuli 1961 aka kuma yi masa babban gyara a 2003, ya gaji wata ƙa'ida daga tsohuwar dokar Faransa: laifi ne mutum ya fito bainar jama'a da tufa ta aiki, ko kaki, ko lambar girma wadda ba tasa ba. Kalmar da ta fi nauyi a nan ita ce bainar jama'a. Dokar ba ta shiga cikin akwatinka ba. Titi take magana, da kasuwa, da tasha, inda wani zai gan ka ya ɗauke ka abin da ba kai ba ne. A Faransa ma har gobe haka abin yake, sashe na 433-14 na kundinsu ya tanadi ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 15,000.
Biyan duwan kuwa ba lasisi ba ne. Adda ma ana biya mata duwan, amma je ka shiga banki da ita a hannu ka gani.

Mai Bosho: To ƙanwata lauya, kin taimake ni ba ki sani ba. Kin ce kakin da ba nasa ba. Wandon ƙanena ba kakin sojan Nijar ba ne. Babu tuta, babu galo, babu suna. A bayansa ma tambarin wani kamfanin Turai ne, da aljihu shida da zip. Kama da wane ba ta wane!

Ɗalibar Shari'a: Nan kam ka taɓa wuri mai ƙaiƙayi, kuma ba zan yi maka gardamar banza ba. Akwai tazara tsakanin tenu, wato kakin soja, ta ainihi, mai galo da bajo da hular bere, da yadi mai ɗigo-ɗigo da ake yayi. A gaban alƙali za ka iya kafa wannan hujja. Amma alƙali a jastis yake, da fanka a kansa da lokacin dubawa. Wanda ke shinge da dare, tocila ce a hannunsa.

Direban Abalak: Yawwa. Bari in gaya muku abin da na gani da idona, ba labari ba. Wata rana da la'asar sakaliya, mun wuce Tabalak, na ɗauko wani yaro mai aikin zinariya yana komawa gida. Riga kaki, wando kaki, takalmi ranjas, ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura. Muka tsaya wani ƙauye in zuba ruwa a lagireto. Yaron nan ya diro daga bayan mota don ya miƙe ƙafa. Wallahi matan da ke bakin rijiya ko guga ba su ɗauka ba, suka watse. Wata tsohuwa ta bar takalminta ɗaya a wurin. Yaro ya tsaya yana kallona, wai me ya faru. Na ce kai ne ka faru. Sai da na sa ya ɗora jallabiyata a sama kafin mu ci gaba.
Mutanen nan ba hauka gare su ba. A Tazalit, cikin Tasara, an kashe jami'an tsaro 22 a Oktoba 2016. A Maris 2021 aka shiga Intazayen da Bakorat da Wistan a yankin Tiliya, mutum 137 aka lissafa. Tun 2017 Tiliya da Tasara suka shiga dokar ta-ɓaci. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kai kana maganar jaka biyu da rabi.

Inna Mai Fura: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amin.

Malamin Lakwal: Amin Inna. Kuma ku tuna, duk barikin da aka afka wa, kamar Inates a Disamba 2019 inda aka rasa soja 71, ko Shinagodar a Janairu 2020 inda aka rasa 89, maharan ba hannu sake suke komawa ba, suna kwashe abin da suka samu. Shi ya sa kaki ya daina zama shaida shi kaɗai. A Najeriya, daren 14 ga Afrilu 2014, waɗanda suka kwashe 'yan matan Chibok 276 da sunan soja suka shiga makarantar, suka ce wa yaran sun zo fitar da su daga haɗari ne.

Mai Bosho: Malam, ai hujjarka ta juyo kanka. In ɗan ta'adda daga bariki yake samun nasa kakin, tuɓe wa ƙanena wando me ya rage masa? An bar jaki ana dukan taiki.

Malamin Lakwal: Bai rage wa ɗan ta'adda komai ba, gaskiyarka. Abin da ya rage shi ne ruɗani. In an san farar hula ba ya sa kaki, duk wanda aka gani da shi ɗayan biyu ne, ko soja ko abin tuhuma. In kowane ɗan kabu-kabu na sawa, an koma lalube.

Tela: Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar yara.

Ɗan Kwatano: Ni daga nan bakin teku nake bin ku. Wani abokin aikinmu ɗan Gana ya ce can ma ba a wasa da wannan. Kuma akwai ƙasashe irin su Barbados da Jamaika da ko baƙo ɗan yawon buɗe ido an hana shi sa yadin kaki. Ba mu kaɗai ba ne.

Ɗalibar Shari'a: Haka ne yaya. A kudancin Najeriya ma sashe na 110 na kundin laifukansu ya hana kakin da ma tufar da ta yi kama da shi, sai dai ya ware masu wasan kwaikwayo. Ka ga su sun toshe ƙofar da yaya Mai Bosho yake son bi. Amurka kuwa, da ake ganin kowa na yin abin da ya ga dama, dokarsu ta hana wanda ba soja ba sa kakin rundunarsu, amma ta buɗe wa wanda ya yi ritaya ƙofa ya sa na muƙamin da ya sauka da shi. Kayan rarar soja kuma ana saidawa a shaguna a fili. Mallaka daban, shigar burtu daban.

Mai Bosho: To mu bar Amurka. Ga Baba Ajuda nan yana karantawa ya yi shiru. Baba, don Allah kai za ka raba mu. Kakinka naka ne ko ba naka ba?

Baba Ajuda: Ina jin ku ɗiyana. Rubutun wayar ne ke ba ni wahala, jikata ke taya ni.
Ɗana Mai Bosho, na gode da ka tsaya mini, amma wanga faɗa ba nawa ba ne. Na shiga soja zamanin Kunce, ina saurayi ko gemu babu. Ran da na ajiye aiki na maida bindiga da abin da ke na bariki. Akwai tenu guda da ta rage mini, tana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, da ƙwayar kafur don asu. Sau ɗaya a shekara nake fiddo ta in shanya a inuwa, in goge maɓallan, in maida. Tawa ce, ba mai ƙwace ta. Amma ban taɓa sa ta in tafi kasuwa ba, ban taɓa sa ta in tafi ɗaurin aure ba.
Ku gane, kaki ba ado ba ne, umarni ne. Ran da nake cikinsa, in na ɗaga hannu mota ta tsaya, ba don ni ba, don akwai kaftin a bayana, bayansa akwai kanal, har zuwa sama. In na yi ba daidai ba akwai mai kulle ni. Yau wa ke bayana? Sandata. In na sa kaki na fita, mutane za su ba ni girman da babu mai tambayata yadda na yi da shi. Wannan shi ne haɗarin, kuma ya fi yawa ga tsohon soja bisa ga yaro, don ni na iya tafiyar, na iya muryar.

Mai Bosho: Amma Baba, ranar Tahoua Sakola, bikin ranar Jamhuriya da aka yi a Tahoua, na gan ka da lambobi a ƙirji.

Baba Ajuda: Ka gan ni, 18 ga Disamba 2017. Ka tuna da kyau, a kan me na rataya su? A kan babbar riga fara. Lambar tawa ce har kabari, da sunana aka ba ni, da takarda. Kuma ranar an gayyace mu ne, aka ba mu wurin zama. Biki irin wannan, ko 3 ga Agusta, ko jana'izar abokin aiki, in hukumar soja ta ce mazan jiya su fito da shigarsu, wannan da izini ne, kuma daga filin sai gida.
Haka na ga iyayenmu da suka yi wa Faransa yaƙi suna yi. Akwai wani tsoho a unguwarmu da ya je Indoshin, lambobinsa cikin gwangwanin shayi yake ajiye su. Faransa ta daskarar musu da fansho tun dokar 1959, sai wajen 2007 aka fara daidaitawa, lokacin akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya. Bai taɓa kukan an hana shi sa kaki ba. Kukan kuɗinsa yake yi. In kuna son ku yi wa tsohon soja faɗa, ku yi a kan fansho da magani.

Direban Abalak: Baba ya gama magana.

Mai Bosho: Bai gama ba, don bai ce an yi wa ƙanena daidai ba.

Baba Ajuda: Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Da ni ne a shingen, in kira yaron gefe, in sa ya buɗe jakarsa ya sauya, in ba shi wandonsa a leda in ce kar in ƙara gani. Tuɓe mutum gaban mata ba ya cikin abin da aka koya mana. Wanda ya yi haka shi ma ya ci mutuncin rigar da ke jikinsa.

Ɗalibar Shari'a: Na gode Baba. Ko a doka, in laifi ne akwai hanyarsa: a rubuta, a kai gaba, alƙali ya yanke. Wulaƙanci ba ya cikin jerin hukunci. Kuma yaya Mai Bosho na da gaskiya a wuri guda da ba mu amsa ba. In hukuma ba ta son yadin a jikin mutane, bakin iyaka ya kamata ta tare dilar, ta kuma yi shela a rediyo da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Ba a bar shi rataye a kasuwar Katako ta Yamai da kasuwar Tahoua ba, sannan a jira talaka a hanya.

Inna Mai Fura: Ni dai ɗana na gardi ne. In ya zo hutu, ko wankin kakinsa a bayan ɗaki nake shanyawa, ba na son maƙwabta su san ranar da ya zo da ranar da zai koma. Ku kuna neman sawa, mu muna ɓoyewa.

Tela: Jama'a, salla saura sati uku, yadin kaki yadi goma sha biyu na ajiye a shago. In yanka ko in maida?

Baba Ajuda: Ɗan shekara biyar ba ya tsorata kowa. Yanka. Amma ban da galo, ban da tuta, ban da bajo. In uwar janar ta dawo, ka ce ni na sauke shi.

Tela: Na manya fa? Akwai samari uku da suka ba da abans.

Direban Abalak: Maida musu kuɗinsu, ko kuwa kar su hau motata.

Mai Bosho: Ni kuma ina da rabin dila na wandunan nan, wajen guda arba'in. Wa zai biya ni?

Ɗan Kwatano: Aiko mini biyu, nan wajen aikin gini aljihunsu na da amfani. Amma ka sa su can ƙasan buhu, ka rufe da atamfa.